Koriya, Koriyawa da Koriyanci

Koriyanci shi ne sunan da Hausa take bai wa harshen mutanen zirin Koriya, wanda yake gabashin nahiyar Asiya, tsakanin ƙasar Sin da Japan. Masu harshen ana ce musu Koriyawa ko ƴan Koriya. Namiji guda Bakoriye ne ko ɗan Koriya, mace kuwa Bakoriya ko ƴar Koriya. Masu magana da harshen sun kai kimanin miliyan 80. Mafi yawansu suna zaune a ƙasashe biyu, Koriya ta Kudu mai mutane kimanin miliyan 51 da Koriya ta Arewa mai kimanin miliyan 26, sauran kuma sun bazu a Sin, Amurka, Japan, Rasha da ƙasashen tsakiyar Asiya. Duk kalmomin nan daga tushe ɗaya suka tsiro, wato "Koriya". Sai dai babu ɗaya daga cikin ƙasashen biyu da take kiran kanta da wannan suna a harshenta na yau da kullum. Baƙi ne suka riƙe shi, kuma ta hannun baƙi ya iso ƙasar Hausa.

Ginin kalmomin a Hausa

Hausa tana da tsohuwar hanya ta fitar da sunan mutum da na harshensa daga sunan gari ko ƙasa. Ana ɗora "ba" a farkon suna a samu mutum guda, a liƙa "awa" a ƙarshe a samu jam'i, a liƙa "anci" ko "ci" a samu harshe. Daga Katsina aka sami Bakatsine, Katsinawa, Katsinanci. Daga Gobir, Bagobiri, Gobirawa, Gobiranci. Daga Damagaram, Damagarawa da Damagaranci. Da Hausawa suka haɗu da mutanen nesa, wannan ma'auni suka ɗauka suka auna su da shi: Balarabe, Larabawa, Larabci, Bature, Turawa, Turanci, Bajamushe, Jamusawa, Jamusanci, Bafaranshe, Faransawa, Faransanci. Wanda ya fi kusa da Koriya a sigar kalma shi ne Indiya, domin ƙarshensu ɗaya ne. Yadda aka ce Ba'indiye, Ba'indiya, Indiyawa, Indiyanci, haka nan ake samun Bakoriye, Bakoriya, Koriyawa, Koriyanci, ba tare da an tanƙwara komai ba.

Ba dukan sigogin ne suka zauna a baki daidai wa daida ba. "Koriyanci" ana jin sa, ana kuma ganin sa a rubuce, ko da yake "harshen Koriya" da "yaren Koriya" sun fi shi yawo. "Koriyawa" yana fitowa jefi-jefi. "Bakoriye" kuwa da wuya a ji shi a hira. "Ɗan Koriya" ya rinjaye shi nesa ba kusa ba. Dalilin a fili yake. Sigar "ba" tana kama bakin mutane ne idan an daɗe ana cuɗanya da al'umma a kasuwa ko a fagen yaƙi ko a wurin mulki, kamar yadda aka yi da Larabawa da Turawa. Al'ummar da aka sani ta rediyo kawai, "ɗan" da "ƴan" ake yi mata. Shi ya sa ake cewa ɗan Birazil da ɗan Kanada, ba a nema musu wata siga.

Kalmar Koriya mace ce a nahawu, kamar sauran sunayen ƙasashe, don haka ake cewa Koriya ta Kudu, Koriya ta Arewa, "Koriya ta ci wasa". Koriyanci namiji ne: "Koriyanci yana da wuya", "Koriyancinsa ya nuna". Da "k" mara lanƙwasa ake rubuta ta, ba da "ƙ" ba. Jam'in "ɗan" kuwa, tsarin rubutun Nijar yana rubuta shi da harafi mai ƙugiya, ƴan Koriya, alhali littattafan Nijeriya da yawa suna sa ɗigon sama kafin harafin "y". Furucin ɗaya ne.

Batun suna na waje da suna na gida ba baƙo ba ne ga mutumin Gure a Nijar. Garin nan, wanda yake kan babban titin da ya tashi daga Zinder ya nufi Diffa, kimanin kilomita 170 gabas da birnin Damagaram, wato Zinder, shi ne tsohuwar fadar sarakunan Muniyo da suke bin Borno. A kasuwarsa Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa da Abzinawa suke haɗuwa wajen cinikin dabbobi da kanwa da dabino da gero, kuma kusan kowace ƙabila tana da suna biyu. Waɗanda Bahaushe yake kira Barebari, su Kanuri suke ce wa kansu. Fulani a bakinsu Fulɓe ne, harshensu Fulfulde, Bahaushe ya ce Fillanci ko Fulatanci. Tubawa suna rarrabe kansu Teda da Daza. Shi ma Bahaushen, Afuno ne a bakin Kanuri. Sunan waje ba lalle ne ya zama zagi ba, amma wani lokaci yana ɗauke da nauyin da mai faɗinsa bai sani ba. Saboda haka ne kafofin labarai suka fi son "Abzinawa" a kan "Buzaye". Sunan Koriya ma na waje ne, sai dai shi nasa sha'anin ya zo a juye: sunayen gida ne suke ta da ƙura, na wajen ne kowa ya yarda da shi.

Asalin sunan

Tushensa daular Koryo ce, wadda Wang Kon ya kafa a 918, ta haɗe zirin ƙarƙashin sarauta ɗaya a 936, ta kuma yi mulki har 1392, da babban birninta a Kaesong. Ita ma aro sunan ta yi daga wata tsohuwar daula ta arewacin zirin da kudancin Manchuriya, Koguryo, wadda ta faɗi a 668. A rubutun boko na zamani ana ganin sunayen biyu kamar Goryeo da Goguryeo.

Kafin Koryo, malaman Musulunci sun san ƙasar da wani suna daban. Ibn Khurdadhbih, mai littafin hanyoyi da dauloli na ƙarni na 9, ya kira ta al-Sila, daga sunan daular Silla da take mulki a lokacin, kuma al-Idrisi ya sa ta a taswirarsa ta 1154. Tarihin fadar Koryo ya rubuta zuwan ayarin fatake Larabawa a 1024 da 1025 da 1040. Sinawa suna furta sunan daular "Gawli", daga nan Marco Polo ya ji shi ya rubuta "Cauli". Matuƙan jiragen ruwa na Fotugal da na Holand suka yi ta juya shi a ƙarni na 16 da na 17, har ya zauna a Corea da Corée da Korea. Littafin Hendrick Hamel, ɗan Holand da jirginsa ya tarwatse a gaɓar tsibirin Jeju a 1653 ya kuma yi shekara 13 a ƙasar, ya taimaka wajen yaɗa sunan a Turai bayan an buga shi a 1668. Abin lura shi ne, lokacin da wannan suna ya yaɗu a Turai, daular da take da shi ta daɗe da shuɗewa.

Sunayen da masu ƙasar suke kiran kansu

A Kudu sunan ƙasa Hanguk ne, a cike kuma Daehan Minguk. Mutum Hangugin ne ko Hanguk saram, harshe Hangugo ko Hangungmal. A Arewa sunan ƙasa Coson ne, wanda ake rubutawa Joseon ko Choson, mutum Coson saram, harshe Cosonmal ko Cosono. "Saram" mutum ke nan, "mal" magana, "guk" ƙasa.

Kowanne daga cikin sunayen yana da tarihinsa. Coson sunan wata daɗaɗɗiyar daula ne, wanda Yi Song-gye ya farfaɗo da shi bayan ya kifar da Koryo a 1392. Zuriyarsa ta riƙe shi fiye da shekara 500. A 1897 Sarki Kojong ya sauya sunan ƙasar zuwa Daehan Jeguk, wato babbar daular Han, yana komawa ga wasu tsofaffin ƙawancen masarautu uku na kudancin zirin da ake kira Samhan. Wannan Han ba ita ce Han ta babbar ƙabilar Sinawa ba. Furuci ne ya zo kusa, amma a rubutun Sinanci alamominsu daban ne. Da Japan ta haɗiye ƙasar a 1910, sai ta maido da tsohon sunan a furucinta, Cosen. Masu fafutikar ƴanci da suka kafa gwamnatin gudun hijira a Shanghai a 1919 suka ɗauki Daehan Minguk. Bayan faɗuwar Japan a 1945, Amurka da Tarayyar Sobiyet suka raba zirin a kan layi na 38, aka kafa gwamnatin Kudu ranar 15 ga Agusta 1948, ta Arewa ranar 9 ga Satumba. Kudu ta gaji sunan Han, Arewa ta riƙe Coson. Yaƙin da ya ɓarke ranar 25 ga Yuni 1950 ya tsaya da yarjejeniyar tsagaita wuta a Panmunjom ranar 27 ga Yuli 1953, kuma har yau ba a sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ba.

Tun daga nan zaɓen suna ya zama bayyana ɓangare. Kowace gwamnati ta ɗauki kanta ita ce ta zirin baki ɗaya, don haka ɗan Kudu yake kiran Arewa Bukhan, wato Han ta arewa, ɗan Arewa kuma ya daɗe yana kiran Kudu Namcoson, wato Coson ta kudu. A ƙarshen 2023 shugaban Arewa Kim Jong Un ya ayyana cewa ƙasashe biyu ne masu gaba da juna, kafofin labaran Pyongyang kuma suka koma kiran Kudu da sunanta na hukuma. A wannan karon, kiran maƙwabciya da sunan da ta zaɓa wa kanta alama ce ta yanke zumunci, domin yana nufin an daina ƙirga ta a cikin gida.

Rikicin sunan ya tsallaka maƙwabta. Gidan rediyo da talabijin na Japan, NHK, da ya tashi fara koyar da harshen a 1984, ya rasa sunan da zai sa wa shirin wanda ba zai ɓata wa wani ɓangare rai ba, sai ya laƙaba masa sunan haruffan, Hangul. Koriyawan Sin, waɗanda ƙidayar 2020 ta sa su kimanin miliyan 1.7 kuma suke da yanki mai cin gashin kai a Yanbian tun 1952, Cosonjok ake ce musu. Na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, zuriyar mutane kimanin 172,000 da Stalin ya kwashe daga gabashin Rasha zuwa Kazakistan da Uzbekistan a 1937, su ne suka riƙe tsohon sunan: Koryo saram, harshensu Koryo mar. Idan ɗan Kudu da ɗan Arewa suka zauna wuri ɗaya, mafitarsu ita ce "urimal", ma'ana harshenmu.

A nan sunan waje ya yi rana. Lokacin da ƙasashen biyu suka haɗa tawaga ɗaya a gasar ƙwallon tebur ta duniya a Chiba ta Japan a 1991, sunan da suka amince da shi "Koriya" ne, da farar tuta mai hoton zirin da shuɗi. Haka aka sake yi a wasannin Olamfik na hunturu a Pyeongchang a 2018. Shugaban Arewa na lokacin Kim Il Sung ma, da ya kawo shawarar haɗe ƙasashen cikin tarayya a 1980, sunan Koryo ya zaɓa mata. Kalmar da Hausa ta gada ke nan ita ce wadda ba ta ɗauki ɓangare ba, kuma wannan babbar fa'ida ce ga mai fassara labarai.

Harshen da rubutunsa

Masana ba su gano wa Koriyanci dangi a cikin manyan harsunan duniya ba. An taɓa haɗa shi da Turkanci da harshen Mongol cikin wani rukuni da ake kira Altai, amma yawancin masana sun yi watsi da wannan ra'ayi. Abin da aka yarda da shi shi ne ƙaramin gida ne mai zaman kansa, shi da maganar tsibirin Jeju, wadda wasu suke ƙirgawa harshe daban. Ba ɗan'uwan Sinanci ba ne. Sinanci harshe ne mai karin sauti a kan kowace gaɓa, Koriyancin Seoul ba shi da wannan, kuma ginin jimlarsu ya sha bamban. Abin da ya haɗa su aro ne: fiye da rabin kalmomin ƙamus na Koriyanci daga Sinanci aka samo su, saboda ƙarnonin da aka yi ana karatu da mulki da rubutun Sin. Har ƙirga iri biyu suke da ita, ta gida, hana, dul, set, net, dasot, da ta aro, il, i, sam, sa, o. Bahaushen da yake cewa goma da harshensa sannan ya ce ashirin da talatin da Larabci ba zai yi mamakin wannan ba.

A jimla aikatau ne yake zuwa ƙarshe, kuma ƙananan ɗafe-ɗafe ne a bayan suna suke nuna aikinsa. "Ai-ga bap-eul meongneunda" kalma bayan kalma shi ne yaro, shinkafa, yana ci. "Ga" ta nuna mai aikin, "eul" ta nuna abin da aikin ya faɗa wa. Hausa ba haka take jera kalmominta ba, amma Kanuri da Tubanci suna ajiye aikatau a ƙarshe, suna kuma liƙa alamomi a bayan suna. Ba dangantaka ce ta haɗa su ba, tsari ne ya zo ɗaya, sai dai ɗalibin da ya tashi da Manganci, karin Kanurin Mangawa, a Gure zai ga jeren jimlar Koriyanci bai yi masa baƙunta ba.

Wasu baƙaƙen harshen suna zuwa uku-uku: sassauƙa, mai fitar da iska, da mai tauri. "Bul" wuta ce, "pul" ciyawa, "ppul" ƙaho. "Dal" wata, "tal" abin rufe fuska, "ttal" ɗiya. Sassauƙan a farkon kalma yana faɗuwa tsakanin "k" da "g", ko tsakanin "p" da "b", a kunnen baƙo. Wannan ne ya sa suna ɗaya yake fitowa da fuska biyu a boko, Koryo da Goryeo, Pusan da Busan. Tsohon tsarin McCune da Reischauer na 1939 ya zaɓi "k" da "p", sabon tsarin da gwamnatin Kudu ta fitar a 2000 ya zaɓi "g" da "b". "K" ɗin da ke farkon Koriya daga tsohon jin kunnen baƙi ta fito.

Girmamawa a cikin nahawun take. Ƙarshen aikatau yana sauyawa gwargwadon matsayin wanda ake yi wa magana, wasu kalmomin ma sauyawa suke yi ɗungurungum: abincin yaro "bap" ne, na dattijo "jinji". Ƙane ba ya kiran na gaba da shi da suna. Namiji yana ce wa wansa "hyeong", yayarsa "nuna". Mace tana ce wa wanta "oppa", yayarta "eonni".

Haruffan kuwa an san wanda ya ƙirƙiro su da shekarar da aka yi. Sarki Sejong na daular Coson ya kammala su a 1443, aka bayyana su ga jama'a a 1446 cikin littafin Hunminjeongeum, da nufin talaka ya iya rubuta abin da ke ransa ba sai ya haddace dubban alamomin Sinanci ba. Da haruffa 28 aka fara, yau 24 ne na tushe, baƙaƙe 14 da wasula 10, ana tattara su gaɓa-gaɓa cikin ɗan murabba'i. An zana baƙaƙen ne bisa siffar harshe da leɓe da maƙogwaro yayin furta su. Malaman fada sun raina su tsawon ƙarnoni, sai a ƙarshen ƙarni na 19 suka shiga takardun hukuma. A ƙarshen mulkin Japan an fitar da Koriyanci daga makarantu, aka matsa wa mutane su ɗauki sunayen Japanawa daga 1940, aka kuma kama masanan da suke haɗa ƙamus a 1942, wasunsu suka mutu a kurkuku. Su ma haruffan suna biyu gare su, Hangul a Kudu, Cosongul a Arewa, da ranar biki biyu, 9 ga Oktoba da 15 ga Janairu. Hukumar UNESCO tana ba da kyautar yaƙi da jahilci da sunan Sejong, wadda aka kafa a 1989.

Rabuwar shekara fiye da 70 ba ta raba harshen gida biyu ba. Kudu ta ɗauki karin Seoul a matsayin daidaitacce ta kuma kwashi kalmomin Ingilishi masu yawa, Arewa ta ɗauki na Pyongyang daga 1966 tana maye gurbin kalmomin aro da na gida. Ƙwadago "nodong" ne a Kudu, "rodong" a Arewa. Suna jin juna ba tare da tafinta ba. Kuskure ne a ce "yaren Koriya ta Kudu" kamar wani harshe ne daban.

Yadda kalmar take yawo a ƙasar Hausa

Rediyo ne ya fi kowa dasa kalmar a kunnen Hausawa. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Muryar Jamus da na Rediyon Sin a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na RFI a 2007, kuma a bakin masu karanta labaransu "Koriya ta Arewa" da "Koriya ta Kudu" suka daidaita. A Nijar akwai wata siga ta biyu. Wanda ya yi makarantar boko da Faransanci yakan ce "Kore", ko a tsakiyar hirar Hausa. A magana ba a ruɗewa, amma a rubuce tana karo da kore na launi da kore na kora, don haka "Koriya" ta fi dacewa da takarda. Wajen sunan yankin kuma ana jin "tsibirin Koriya", wanda ba daidai ba ne, domin ruwa bai kewaye ƙasar ba. Ta arewa a manne take da Sin da ɗan yanki na Rasha, kogunan Yalu da Tumen ne iyaka. "Zirin Koriya" shi ne ya kama gaskiyar wurin.

A titi da kasuwa matsalar ta fi haka girma, domin sunan ma ɓacewa yake yi. Duk mai kamannin mutanen gabashin Asiya, a Nijeriya ɗan Caina ne, a Nijar Shinuwa. A jihar Damagaram akwai dalili, tunda waɗanda aka fi gani Sinawa ne masu aikin man Agadem da matatar SORAZ da aka buɗe a 2011. Amma ga Bakoriye, wanda kakanninsa suka sha ɗauri don kada harshensu ya narke cikin na maƙwabci, kiran ba ƙarami ba ne. Kayan ƙasar ma sun riga sunanta shiga gidaje. Mai riƙe da wayar Samsung, ko mai kallon talabijin ɗin LG, ko direban Hyundai da Kia, sau da yawa bai san daga Koriya ta Kudu kamfanonin suke ba.

Matasa ta ƙwallo da fim suka san sunan. A Seoul Senegal ta doke Faransa da ci ɗaya da nema a wasan buɗe gasar cin kofin duniya ta 2002. A can ne ƴan Nijeriya ƴan ƙasa da shekara 17 suka ɗauki kofin duniya a 2007, kuma kunnen doki biyu da biyu da Koriya ta Kudu a Durban ne ya fitar da Nijeriya daga gasar 2010. "Fim ɗin Koriya" ya zama suna mai zaman kansa a shagunan tura finafinai, kusa da na Indiya da na Caina. Jumong, dogon shirin da tashar MBC ta nuna a 2006 da 2007 wanda ya yi farin jini a Nijeriya, labarin mutumin da tarihin gargajiya ya ce shi ya kafa Koguryo ne, wato daular da sunan Koriya ya samo tushe daga gare ta. A Abuja akwai cibiyar al'adun Koriya da aka buɗe a 2010, inda ake koyar da harshen.

Inda Koriyanci da kansa yake fita daga bakin ƴan Nijar shi ne fagen taekwondo. Sunan wasan kalmomi uku ne, ƙafa da dunƙulen hannu da hanya, kuma duk inda ake yin sa a duniya da Koriyanci alƙali yake ba da umarni. Ƴan wasa biyu za su tsaya fuska da fuska, ɗaya da sulken ƙirji shuɗi, "cong", ɗaya da ja, "hong". Alƙali ya ce "caryot" su ƙame, ya ce "kyongnye" su rusuna wa juna, ya ce "shijak" su fara, ya miƙa hannu tsakaninsu ya ce "kallyo" su rabu. Da waɗannan kalmomi Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar lambar azurfa a Olamfik na Rio a 2016, lamba ta biyu a tarihin ƙasar bayan tagullar da ɗan dambe Issaka Daboré ya samu a Munich a 1972. A 2017 kuma ya zama zakaran duniya a garin Muju na Koriya ta Kudu. Dangantakar jakadanci tsakanin Yamai da Seoul ta girmi wannan duka, tun 1961 aka ƙulla ta.

Abubuwan da mai rubutu zai kiyaye

Sunan iyali ne yake fara zuwa a sunan Bakoriye. A Kim Jong Un, Kim ne sunan gidan; a Ban Ki-moon, wanda ya riƙe muƙamin babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya daga 2007 zuwa 2016 ya kuma ziyarci Yamai a Nuwamba 2013, Ban ne. Idan za a taƙaita, Ban za a ce, ba Moon ba. Kim da Lee da Park kaɗai sun kwashe kusan kashi 45 cikin 100 na mutanen Kudu, saboda haka haɗuwar suna ba ta nuna ƴan gida ɗaya ne. Mace ba ta ɗaukar sunan mijinta.

Cikakkun sunayen ƙasashen ma suna ruɗa mutane: Jamhuriyar Koriya ita ce Kudu, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Jama'ar Koriya ita ce Arewa. A Olamfik na Landan a 2012 an nuna tutar Kudu a gefen hotunan ƴan wasan ƙwallon mata na Arewa, suka fice daga fili, wasa ya yi jinkirin kusan sa'a guda. A bikin buɗe na Paris a 2024 an gabatar da tawagar Kudu da sunan Arewa, har shugaban kwamitin Olamfik ya nemi gafara.

Hausa tana da kayan aikin da za ta rarrabe abin da Ingilishi da Faransanci suke haɗawa cikin kalma ɗaya. "Ɗan Koriya ta Kudu" da "ɗan Koriya ta Arewa" suna nuna ƙasa da fasfo. "Bakoriye" da "Koriyawa" suna nuna asali da harshe, don haka suna ɗaukar mutumin Yanbian mai takardun Sin, da na Tashkent mai takardun Uzbekistan, da Jim Yong Kim, Ba'amurken da ya shugabanci Bankin Duniya, waɗanda babu ɗayansu da za a kira ɗan Koriya ta Kudu a yi daidai. Tun da kundin mulkin da Nijar ta ɗauka a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, littattafan makaranta da takardun hukuma za su ƙara buƙatar sunayen ƙasashe da al'ummomi a tsaye. Ga wannan al'umma, sigogin da suka fi dacewa a rubuta su ne Koriya ga ƙasa, tare da faɗin ta Kudu ce ko ta Arewa, Koriyawa ga mutane, Koriyanci ga harshe.